Jirgi Ba Hanci

Sati uku ke nan Zaharaddini yana yawon neman hancin jirgi.

A siton makarantarsu ta koyon aikin jiragen sama akwai wani tsohon jirgi mara matuƙi, tsawonsa bai fi tabarma ba. An ce na leƙen asirin sojoji ne, manoma suka tsince shi a gona tun kafin a haifi mahaifin Zaharaddini. Ba wanda ya san ƙirar wace ƙasa ce. Shi kuwa gogan naku, da rawar kansa, ya ɗaga hannu ya ce zai gano, ya mai da abin aikinsa na kammala karatu.

Ya auna fukafukai, ya tono tsofaffin zane-zane a intanet, har ya rage saura ƙira biyu masu kama da juna kamar tagwaye. Bambancinsu ɗaya ne: wannan hancinta dunƙulalle, waccan mai tsini, kuma a cikin hancin ake buga lambar ƙira. Jirgin sito kuwa hancinsa ya daɗe da ɓata. Notuna uku ne kawai tsirara a gurbin hancin.

Malaminsa bai ja zance ba. "Ranar Litinin ka zo min da hujja, ko ka maimaita shekara. Ba na karɓar wataƙila."

Nan fa tsoro ya kama shi. Ya zaga 'yan gwangwan, ya shiga maƙera ta wajen Ƙofar Galadima yana nuna hoto a waya. Wani ya miƙo masa murfin tukunya, wani fitilar babur. Duk suka sha dariya, ban da shi.

Kullum da yamma yakan dawo Ƙofar Kuyambana ya zube a tsakar gida kusa da kakarsa, Hajiya Sailuba, wadda ke sayar da gero a cikin gida tun tana amarya. Matan unguwa ba sa wuce ta, saboda mudunta ya ɗan fi na kasuwa ciki. Ba ya tsatsa, ba ya kuma zama a ƙasa, sai dai ta soke shi a tsibin gero. Kyautar marigayi mijinta ce, manomin da ko zobe bai taɓa saya mata ba, don haka ba ta yarda kowa ya taɓa shi.

"Maigidana, har yanzu hancin ne?" ta ce da shi. "Ka kai musu naka mana, ai ya ishi jirgi biyu."

Ya yi murmushin dole. Shi dai ransa a jagule yake.

Ranar Lahadi bayan la'asar ya haƙura. Ya zauna yana shirya kalaman da zai roƙi malaminsa da su, sai ga maƙwabciyarsu Tayyiba ta yi sallama da kwarya a hannu. Hajiya kuwa ta shafa man zafi a hannayenta, ba damar taɓa hatsi.

Ta dubi jikan nata ta yi tsaki. "Yau dai ka ci sa'a. Auna mata biyu, ka cika shi ya yi tozo, kada ka ba ni kunya."

Ya zaro mudun daga tsibin. Bai taɓa riƙe shi ba, sai ya ji shi sakayau, ba nauyi. Ya cika ya juye, ya sake cikawa ya juye. Yatsansa ya taɓo wani abu a bakin mudun: ƙananan hujoji ne, an toshe da ƙaro. Ɗaya, biyu, uku.

Ya leƙa ciki a hankali, ya hure ƙaiƙayin da ya maƙale can ƙasa wajen tsinin. Ga lamba nan a buge, raɗau.

Shekara hamsin ke nan Hajiya Sailuba tana auna wa unguwa gero da hancin jirgin leƙen asiri.