Ɓeraye Arba'in na Tamsin

Ɓera na talatin da tara ya tsallake siririn katakon, ƙafarsa ba ta zame ko sau ɗaya ba. Tamsin ta rubuta sifili.

Shekara huɗu ta yi a wannan ɗakin bincike na birnin Brisbane tana bin ƙwayar halitta guda, wadda aikinta ɗinki ne: idan zaren saƙon nan da ake kira RNA ya tsinke, ita ke haɗa bakin biyu. Tamsin ta nuna cewa ɓeran da aka kashe wa ƙwayar a jijiyoyinsa, tafiyarsa takan lalace. Ana cikin yaba mata sai wani ya kai ƙara a ɓoye, wai tana gyara sakamako.

Shugaban sashen, Farfesa Hamish, wanda har masu shara ke kiran sunansa gatsau, bai tsaya dogon zance ba. Za ta sake gwajin da ɓeraye arba'in masu lamba kawai, ba tare da ta san waɗanda aka taɓa ba. In aka kama ta da coge, ta tattara nata ya nata.

Cikin mako biyu ɓerayen suka iso. Ita da takan jira wata biyar kafin a haifa mata irinsu! Amma fargaba ba ta bar ta ta yi tambaya ba.

Na arba'in ma ya wuce lafiya lau. Ta duba takardunta sama da ƙasa. Wani ya zame sau ɗaya, wani sau biyu, amma babu abin da zai raba su gida biyu. 

Ƙarfe goma da rabi, lokacin shayi, Narelle mai kula da ɗakin dabbobi ta leƙo. Mace ce da ko gwangwanin biskit ɗinta sai ta sa masa kwaɗo.

"'Yar nan, dubi yadda kika yi zuru-zuru. Akwai kek a sama, in kika yi sanya Hamish zai share shi tas."

Ta shigo ta ɗauki wani abu a teburinta da ke ɗakin, ta fice, ta bar aljihun teburin a buɗe.

Taku uku ne tsakani. Daga inda Tamsin ke tsaye tana hango farar takarda, lambobin ɓerayen jere gida biyu, ashirin da aka taɓa nan, ashirin da ba a taɓa ba can. Ba wani babban abu ake bukata ba: ta ƙara zamewa ɗaya a nan, biyu a can, shekara huɗunta su tsira. Babu kowa sai ɓeraye, su kuwa ba sa kai ƙara.

Ta yi taku ɗaya, ta yi na biyu.  A na uku ta kawar da fuska bango, ta tura aljihun da gwiwa har ya rufe. Haushin kanta ya kama ta, sai ga hawaye.

Da la'asar ta shiga ofishin Hamish, ta tarar da Narelle zaune a gefe, ta harɗe hannuwa. Tamsin ta ajiye sakamakon, ta ɗora katinta na shiga ɗakin bincike a kai.

"Ban ga bambanci ba, Hamish. Ko kaɗan. Wataƙila duk shekarun nan abin da raina ke so idona ke gani."

Ya daɗe yana bin lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana gwada su da farar takardar nan ta aljihun tebur. Sannan ya turo mata katinta, ya ce ɓerayen da za su amsa wannan tambayar suna can ana kiwonsu, sai bayan wata huɗu.

Narelle ta ɗauki farar takardar ta yaga biyu.

"Ni na ƙirƙiro ta jiya ina shan shayi, 'yar nan. Duk arba'in ɗin lafiyayyu ne, ba wanda aka taɓa. Ke muke gwadawa."