Ƙarar Mai Agwagi

Ana zabga ruwan sama a garin Pekalongan, jami'ar muhalli ta durƙusa bakin magudanar masana'antar rini ta cika kwalba. Hajiya mai masana'antar tana riƙe mata lema. Sau biyu ana hana ta takardar izinin sakin ruwan sama a rafi, don yana kwaso rini daga masana'antar. In an hana ta yau, rufe wurin za a yi, mata arba'in masu zanen batik, wato adon rini a kan yadi, su koma gida. Wata shida ta yi tana yi wa tukwanen rini rumfa, tana gina ramin tace ruwa.

Sai ga wani tsoho da ke kiwon agwagi a gangaren rafin, jiƙe sharkaf, yana huci.

"Ranki ya daɗe, ƙarar Hajiya na kawo!"

"Haba Baba, yau ɗin?" in ji Hajiya.

Jami'ar ta zaro biro. "Faɗi, ina ji."

"Shekara goma agwagina shuɗaye suke dawowa gida, daga nesa na san nawa. Yanzu duk farare fat! Yaya zan raba su da na maƙwabcina?"

Jami'ar ta tuntsire da dariya. "Maimaita a hankali, Baba, in rubuta. Shaidarka ta riga ta kwalba."