Layin Lilo da Tsakar Rana

Zauna mana, ɗana. Tun ɗazu kake kai da kawo a zauren nan kana duba agogo. Matarka ta ce ku bari rana ta yi sanyi kafin ku fita da yara yawon Sallah, kai kuma gani kake ɓata lokaci ne. To saurara in ba ka misalin wani direba.

Direban haya ne, irin waɗanda ƙafarsu ba ta shiri da birki. Shekara ashirin yana tasha, kuma doka ɗaya ya riƙe a duniya: wanda ya riga kawo motarsa layi shi ke fara lodi, wanda ya janye ta, ko da don shan mai ne, ya koma baya. Ko gaisuwar mutuwa ya je, sai ya riga kowa shafa fatiha. Allah ya ba shi 'ya guda, zabiya, 'yar shekara bakwai. Fatarta ba ta jure rana, idonta kuma haske kaɗan sai ya fara zubar da ruwa. Yana sonta kamar ransa, wannan kam ba a musu. Wata ƙaramar Sallah da ta faɗo tsakiyar bazara, aka kafa wurin wasan yara a filin bayan gari, na kwana uku kacal. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa, akwai motocin wasa, akwai kuma wani ƙaton lilo mai siffar ƙafar keke, wanda ke ɗaga mutum sama har ya hango rufin gidaje. Tun cikin azumi ake haɗa ƙarafansa, tun lokacin kuma yarinyar ba ta da zance sai nasa. Uwarta ta ce a jira la'asar sakaliya, a sa mata riga mai dogon hannu da malafa, a shafa mata man da likita ya rubuta. Direba ya ce da la'asar ai duk garin zai taru, layi sai ya kai bakin titi. Ana saukowa daga idi, ko tuwon Sallah bai tsaya ci ba, ya figi hannun 'yarsa. Uwar ta biyo su har ƙofar gida da malafa a hannu, ta tarar sun sha kwana.

Suna isa ya ƙirga mutum goma sha biyu a gabansu, ya ji daɗi, dabararsa ta yi aiki. Abin da bai sani ba, masu lilon ba su ma tada inji ba, suna jiran a kawo musu mai. Layin kuwa a fili yake fetal, babu rumfa, babu bishiya, sai wani darbejiya can gefe, taku ashirin, inda wata mai sayar da zoɓo ta baje kayanta. Matar ta dubi yarinyar, ta ce ya kawo ta inuwa ta zauna kusa da ita, shi ya tsaya a layin. Ya yi mata godiya ya ƙi. A tasha da mota ake kama layi, direba ko ya kwana a tsaye ba a lissafa shi, a ganinsa kuma yarinyar ce motar, tunda ita za ta hau. Sai ya kafe ta a wurin, shi kuma ya kasa tsayuwa. Ya je ya leƙa injin, ya dawo. Ya je ya yi cacar baki da mai tsaron ƙofa, ya dawo. Ya sake ƙirga kawuna, ya kori wani da yake zargin zai yi musu ratse. Idonsa yana gaba, yana gefe, yana kan agogo, amma sau ɗaya bai sunkuya ya dubi ƙasa ba. Wannan shi ne abin da ke ba ni haushi har yau. Ita kuwa ta rufe ido gam, wuyanta ya yi jajir, leɓɓanta sun bushe, tana ta daurewa, don tana tsoron kada ya ce su koma gida.

Sai da aka kira azahar inji ya tashi. Layi ya motsa, aka zo kansu, ya ce mata hau. Ta miƙa hannu tana lalube don ba ta iya buɗe ido, ta dafa ƙarfen kujerar da ya wuni yana shan rana, ta saki ƙara, ta sulale ƙasa. Da ya sungume ta ya ji jikinta kamar tukunyar da aka sauke daga murhu. Ya juya da gudu yana ture mutanen da ya wuni yana gadin kada su wuce shi. A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa. Wuyanta da hannuwanta suka yi bororo, ta kwana huɗu a ɗaki an sassake labule. 'Ya'yan maƙwabta da suka je bayan la'asar sun tarar da layi mai tsawo, amma yana tafiya, iska tana kaɗawa, wasu har sau biyu suka hau.

Rana ta biyar ta miƙe, ta matsa masa sai ya kai ta. Ya ɗauke ta da yamma, yana tuƙi a hankali, kunya ta hana shi faɗa mata an riga an tashi wurin. Suka tarar da fili wayam, sai ramukan turaku da sawun tayar babbar mota. Yarinyar ta daɗe tana dube-dube, sannan ta ɗaga kai ta ce, "Baba, har yanzu layinmu bai zo ba?"

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa ke cewa, sauri ya haifi nawa.