Jan Kofin Direba

Kofin na nan kan tebur inda ta ajiye shi, ja wur, kumfar samansa har ta kwanta. Direba ya wuce shi ya fita aiki, ko kallon arziki bai yi masa ba. Matarsa ta ɗauka za ta tuttular, autarsu ta miƙo hannu tana so, uwar ta buge hannun. Kofin Baba na Baba ne, kowa a gidan ya san wannan doka.

Ruwan bitirut ne, jan tushen nan mai kama da dunƙulen albasa da ke rina hannu. Tun bara waccan take markaɗa masa kowace safiya, tun da ciwon da likita ya kira gawut ya kumbura masa babban yatsan ƙafar dama, har ko zanin gado ya taɓa wurin sai ya yi ihu. Ƙafar dama kuwa ita ce ta birki. Ƙwayar asibiti dai ya rantse ba za ta shiga cikinsa ba, tun da yayansa ya rasu da leda cike da magunguna a gefen gado. Amma jan ruwan nan ya karɓe shi. Ciwo ya lafa, shi kuma ya shiga wa'azin bitirut a tashar bas kamar shi ya ƙirƙiro shi.

Sai wani abokin aikinsa da ake wa laƙabi da Dakta, wanda ko allura bai taɓa riƙewa ba, ya leƙa waya ya ce ai bitirut guba ne ga mai gawut, tsakuwa yake tarawa a ƙoda. Shi ke nan! Direba ya dawo gida ya kafa doka.

"Ki yi mini na karas," ya ce.

"Ban da karas."

"To na kankana."

"Baban yara, wannan ne dai, ko babu."

"To babu."

Haushi kamar ya kashe ta. Ta yi lallashi, ta yi fushi, ta yi masa gaba, ta sa ƙanwarsa ta kira shi a waya. Ina! Mutumin nan in ya kafe, ko katafila ba ta jansa. Kullum sai ta haɗa kofin, kullum sai ta zubar, tana ƙwafa.

Ba a daɗe ba ya fara hawa bene yana dafa bango. Ya ce takalmi ne ya matse shi. Ran nan da safe ya makara wajen taka birki, bas ta daki ƙofar tasha. Allah ya tsare babu fasinja a ciki. Manaja ya karɓe makulli, ya ce ya je ya huta, in ƙafar ba ta saɓe ba kafin sabon wata, wani za a ba motar.

Washegari ta bar shi kwance da ƙafa kan matashi, ta bi layin asibiti ita kaɗai, don shi ko da igiya ba zai zo ba. Ta ajiye wayarta gaban likita tana ɗaukar murya.

Likita ya ce bitirut ba ya cikin abin da ake hana mai gawut, in dai ba a zarce ba, kuma ba shi da tsakuwar ƙoda. Cin hanta da ƙoda da shan lemon kwalba ne abin gudu. "Amma fa kar ki ɗauka shi ne magani. Abin da na rubuta masa shi ke hana ciwon tashi."

"Na sani, likita," ta ce, ta riga ta kashe ɗaukar muryar tun kafin ya zo kan wannan. Ta biya ta kantin magani, sannan ta nufi tasha.

Ta tarar da Dakta kan benci, farantin soyayyiyar hanta a cinya, kwalbar lemo a hannu, ƙafa ɗaya a waje da takalmi, yatsan ya yi suntum. Ta kunna masa muryar likita gaban direbobi, ta ƙure ƙara. Aka yi ta shewa. Da kunya da ɗingishi ya biyo ta har gida, ya zauna bakin gado ya janye fatawarsa.

Direba ya sha kofin har da lashe baki. Ciwo ya yi kwanakinsa ya kwanta, takalmi ya shiga, manaja ya mayar masa da makulli. Ta yi ajiyar zuciya, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ranar da ya koma aiki ya shigo da yamma da buhun bitirut a kafaɗa da wata 'yar na'urar markaɗe a kwali, sai murmushi yake.

"Na wahalar da ke, Maman yara, ki yafe ni. An ba ni layin sassafe. Daga gobe a tasha zan riƙa markaɗa abina da hannuna, ke kuma ki huta."

Yara suka hau tafi. Ta ce an gode, Allah ya ƙara buɗi. Ta shige kicin ta turo ƙofa, ta cije leɓe don kar ta kurma ihu. To yanzu ta ina? Cikin duk abin da ta gwada, bitirut kaɗai ne duhunsa da ƙanshin ƙasarsa ke ɓoye farar ƙwayar likita da take murƙushewa da bayan cokali ta zuba masa kowace safiya.