Yanar da Ta Rage

Daren da aka kwance wa mahaifiyarsa bandeji, ya fito mata da kujera tsakar gida. Shekara tara yanar ido ta hana ta gani, kuma ba abin da take kewa kamar taurari.

Ta daɗe tana kallon sama.

"Aikin bai yi ba, ɗan nan. Wani jan hayaƙi kawai nake gani. Mayar da ni wurin likita."

Ya ɗaga kai. Hayaƙin ya gani shi ma, ba tauraro ko ɗaya, sai hasken fitilun titin da ya kakkafa da hannunsa har unguwa ta yi ta sa masa albarka.

"Idonki garau yake, Inna. Sama ce ta yi yana."

Ta juyo ta dube shi.

"To ita wa zai cire mata?"