Mai Kwasar Zancen Ɗakina

"Husainatu, kada ki sake tako min ɗaki," nic ce mata.

Shekara arba'in muna ƙawance, amma na gaji. Duk zancen da munka yi mu biyu, kafin azahar ya gama unguwa. Har cewar da niy yi miyar matar Ɗantani awa ruwan wanki, sai ga matar ta tare ni da maganar tsakiyar kasuwar Goronyo. Husainatu ta rantse har da hawaye, nij juya mata baya.

Sati biyu ina zaune shiru, ko goro ya daina yi min daɗi.

Ran Litinin surukata ba lafiya, sai nij ja ƙafa zuwa makarantar yara in ɗauko jikata Mashkura, 'yar shekara biyar. Malamarsu tad durƙusa tag gaishe ni.

"Inna, lafiya dai gidan? Turancin Mashkura ya ja baya."

"To ni mi yah haɗa ni da Turanci, ɗiyata?"

"Ai kullum da safe kowane yaro kan faɗi abin da yaj ji gida, mu juya shi da Turanci, aji duka su maimaita. Ita ta ta ɗaya, amma sati biyu ke nan ba ta kawo komi ba."

Nid dubi ajin. Yara talatin, kowane da uwa tai gida.

"Don Allah, Inna, ku shirya da Husainatu. Jarrabawa ta kusa."