Mai Lamba Goma Sha Shida

Ranar da 'yar jarida ta zo ɗaukar hoton ƙungiyar zari-ruga ta tsibirin Yanuloa, sai da aka yi rabin awa ana gardama a kan wanda zai tsaya a ƙarshen layi.

Ƙungiyar ta isa a ba da labarinta. Shekara tara cif ba wanda ya taɓa cin ta a gida. A waje kuwa, kada ma a tambaya, kashi take sha kamar jakin kai. Amma a filin nan da ke bayan coci, mai gangare ta gefen bishiyoyin kwakwa, manyan ƙungiyoyin babban tsibiri sun zo sun koma da kunya. Asabar mai zuwa ita ce za ta buɗe shekara ta goma.

Sabon mai horarwa, Sakiusa, wata uku ke nan da dawowarsa daga birnin Suva da takardar shaida da usur a wuya. Dattawa sun ba shi aikin da sharaɗi guda: duk abin da zai yi ya yi, amma kada a ci su a gida. Ran da aka ci su, ya ajiye usur.

Shi ne ya ga wani tsoho siriri, sanye da riga mai lamba goma sha shida wadda ta koɗe, ya tako ya tsaya a ƙarshen layi kamar kullum, alhali 'yan wasa goma sha biyar ne.

"Wannan kuma fa?" in ji Sakiusa.

"Kawu Inoke ne," in ji kyaftin Penioni. "Mai kwalekwale."

"Na san mai kwalekwale ne. Wane gurbi yake bugawa?"

Penioni ya sosa ƙeya. "Shi dai yana cikin hoto."

Gaskiya ce. A bangon zauren ƙungiya hotuna tara ne, kuma a kowanne Inoke na nan a gefe, fuska ba yabo ba fallasa. Bai taɓa riƙe ƙwallo ba. Ko wasan ba ya kallo. In ya sauke baƙi sai ya kwanta a inuwa ya rufe fuska da hula. Aikinsa ɗaya, ya ɗauko ƙungiyar baƙi daga ƙetare, don kwalekwalensa kaɗai ke cin mutum ashirin. Ladansa rigar nan, da kwanon farko na yaqona, abin shansu na gargajiya, bayan wasa, da jarka biyu ta fetur.

"Kawu," in ji Sakiusa, "a yi haƙuri a ɗan matsa. Hoton 'yan wasa ne."

Inoke ya matsa, ko a jikinsa.

Da yamma Sakiusa ya shiga ɗakin kaya ya ga jarkokin. Shi ma ɗan tsibirin ne, ya san ƙetaren nan tun yana goye. Ya ce jarka ɗaya ta isa zuwa da dawowa har da saura, ɗayar a zuba wa injin yankan ciyawa. Dattawan da ke zaune suka dubi juna. Ɗaya ya buɗe baki, sai kuma ya kai kwano ya rufe shi. Mutum mai takardar shaida, wa zai ja da shi?

'Yar jaridar ta tambaye shi sirrin nasara. Ya yi mata bayani har kashi huɗu: horo, haɗin kai, tsoron Allah, da kwarjinin fili. Ya ce ita ma za ta gani da idonta. Baƙi kan iso a makare, fuska fari fat don fargaba. Ba sa iya taɓa gwaza da kifin da mata ke tarbarsu da shi. Wasu ma, kafin a busa usur, sai ka gan su durƙushe a bayan kwakwa, kai a ƙasa, suna kai kukansu ga Ubangiji. Duk ta rubuta.

Asabar ta zo. Ana sa ran baƙi da tsakar rana kamar yadda aka saba. Ƙarfe goma da ɗan wani abu sai ga waƙa daga bakin ruwa. Ƙarti ashirin suka diro a kan yashi suna tafi. Suka gaida dattawa, suka zauna suka share gwazar nan tas, wani mai wuya kamar turmi har ya nemi ƙari.

Penioni ya dubi tukwanen, ya dubi Sakiusa. "Koci, yau akwai magana."

"Cika baki ne. Bari a fara."

Aka fara. Turereniyar farko, baƙi suka tura 'yan gida baya har sai da gangaren ya ƙare. Ba wanda ya durƙusa a bayan kwakwa. Kafin hutun rabin lokaci maki talatin da ɗaya ne ba ko ɗaya. Sakiusa ya yi ihu har muryarsa ta dishe, ya canza wannan, ya canza wancan, a banza. An tashi hamsin da biyu da uku. Mata suka kwashe tukwane.

Abin ya yi wa Sakiusa ciwo ƙwarai, don yana son aikin nan. Ya cire usur ya ajiye a gaban dattawa, ya gangara bakin ruwa don kada a ga idonsa. Inoke na can yana kwance igiya, zai mayar da baƙi.

"Kawu, shekara tara kana nan. Me na yi ba daidai ba?"

Tsohon ya ɗaga jarkar ya girgiza ta kusa da kunnensa.

"Ɗana, jarka ɗaya ba ta isa in fita da su bayan duwatsu in yi ta kewaya su awa biyu a kan manyan igiyoyin ruwa har jiri da amai su kama su ba. Dole na kawo su ta hanyar da muke bi kasuwa."